Hawan jinin ido: Abin da kaurin tantanin bayan ido ke bayyanawa game da tsakiyar gani

Cutar gilokoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ita ce ta biyu wajen haddasa makanta a Nijeriya bayan yanar ido. Sunan yana da ɗan ruɗarwa, domin matsin ruwan cikin ido ne yake hawa, ba na jini ba. Binciken ƙasa kan makanta na 2005 zuwa 2007 ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da ita. Nazarin da Dakta Fatima Kyari, likitar ido a Abuja, ta jagoranta ya gano cewa ɗaya cikin biyar na masu cutar sun riga sun makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba.

Ɓarnar tana aukuwa ne a retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido. A cikinsa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan ɗaya masu kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa, kusan rabinsu kuwa sun taru a wani ɗan wuri na tsakiya mai suna makula. Da shi ake karatu da gane fuskar mutum. Idan ƙwayoyin suka mutu, shimfiɗarsu sai ta sirance, kuma ba ta sake komawa yadda take.

Na'urar OCT, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1991, tana auna wannan kauri da haske ba tare da taɓa ido ba. A ido mai lafiya, shimfiɗar zaren jijiyar tana kai maikiron 100 ko kusa da haka, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita.

An daɗe ana cewa gilokoma gefen gani take fara ci, tsakiya sai a ƙarshe. Awon kaurin ya nuna maganar ba ta cika ba. Binciken Farfesa Donald Hood na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya nuna makula takan taɓu tun farkon cutar, musamman sashenta na ƙasa. Da yake hoto a juye yake sauka a retina, sirancewar ƙasa tana bayyana a matsayin duhu a saman abin da ake kallo. Gwajin faɗin gani na yau da kullum, mai lamba 24-2, ɗigoginsa a warwatse suke, don haka yakan tsallake irin wannan giɓi. Gwajin 10-2 mai ɗigo 68 a tsakiya shi ne ya fi kama shi.

Awon yana da iyakarsa. Idan cutar ta yi nisa, kaurin zaren jijiyar yakan tsaya a wajen maikiron 50 ko da gani na ci gaba da raguwa, sai likita ya dogara da awon makula da gwajin faɗin gani.

Magani, ko na ɗigawa ko leza ko tiyata, rage matsin ido yake yi domin kare ƙwayoyin da suka saura. Akwai sashen ido a Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ga kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. Likitoci sun fi matsa wa waɗanda suka haura shekara 40 da masu tarihin cutar a danginsu su je gwaji.