Littattafai biyu, matacciya ɗaya: shin satar labari aka yi?

Wata mai karatu ta aiko mana da tambaya bayan ta kalli fim ɗin Rebecca da Netflix ya fitar a 2020: wai da gaske ne labarin na sata ne? Wannan rigima ta girmi mai tambayar nesa ba kusa ba.

Irin waɗannan labarai na tsohon gida mai ban tsoro da soyayya a cikinsa, waɗanda Turawa ke kira gotik, sun faro ne a Ingila da littafin Horace Walpole na 1764. Amma wanda marubutan yau suka fi ɗebowa a ciki shi ne Rebecca na Daphne du Maurier, wanda ya fito a 1938. Wata yarinya marainiya, wadda ko sunanta ba a faɗa ba, ta auri attajiri Maxim de Winter, ta tare a gidansa mai suna Manderley. Uwargidan, Rebecca, ta mutu, amma ikonta na nan. Tsohuwar hadimarta, Misis Danvers, tana gyara mata ɗaki kullum, ga rigar barcinta a kan gado, ga matajinta a inda ta bar shi. Ba fatalwar da ta bayyana ko sau ɗaya, duk da haka amarya ba ta da sakat. Matan da suka taɓa shiga ɗakin marigayiya ba sa buƙatar a yi musu bayanin kishi da wadda ba ta raye.

Shekara huɗu kafin nan, a 1934, Carolina Nabuco ta Barazil ta fitar da A Sucessora. Ita ma ba ƙaramar mace ba ce, domin mahaifinta Joaquim Nabuco yana cikin jagororin yaƙi da bauta a ƙasar. A littafinta, Marina 'yar karkara ta auri Roberto Steen, ta koma gidansa na Rio de Janeiro, inda ƙaton hoton matarsa ta fari, Alice, ya hana ta sukuni. Nabuco ta ce ta fassara littafin da kanta ta aika wa masu ɗab'i a waje, kuma mutanenta na zargin ta nan ya kai hannun du Maurier. Ta kuma ce da fim ɗin Rebecca da Alfred Hitchcock ya yi a 1940 zai shiga Barazil, an yi mata tayin kuɗi ta sa hannu cewa kamannin dace ne kawai, ta ƙi. A 1941 maganar ta fito a jaridar New York Times, du Maurier ta musanta, ta ce ba ta taɓa jin littafin ba.

Ni na fi karkata ga du Maurier. Ta fara rubutun ne a Iskandariya a 1937, inda mijinta, hafsan soja Frederick Browning, yake aiki, tana fama da kewar yankin Cornwall na Ingila da wani tsohon gida mai suna Menabilly da ta ƙwallafa wa rai. Kishin ma nata ne na kanta, na wata da mijin ya taɓa yi wa alkawarin aure. Ga kisan kai da gawa a cikin jirgin ruwa, waɗanda su ne ƙashin bayan Rebecca, su ma nata ne. Kuma tun 1847 Charlotte Brontë ta riga su duka da Jane Eyre: miji mai ɓoye asiri, matar fari a kulle a bene, gida ya ƙare da gobara. Babu wanda ya taɓa kawo shaidar cewa du Maurier ta ga fassarar nan. Sai dai tayin kuɗin, in ya tabbata, wulaƙanci ne, kuma Nabuco ta kyauta da ta ƙi.

Wata Ba'amurkiya kuwa ta kai ƙara kan nata littafin, kotun New York ta wanke du Maurier a 1948. Tashar Globo ta Barazil ta mayar da A Sucessora shiri mai dogon zango a 1978, marubuciya Silvia Moreno-Garcia kuma ta kai irin wannan labarin tsohon gida ƙasar Meziko a littafinta na 2020. Nabuco ta rasu a 1981 ba tare da ta shigar da ƙara ba.