Asalin Kayan Marmari

A zamanin da, mutumin garin Darki bai san ayaba ko abarba a kasuwarsa ba. 'Ya'yan itacen da ya sani su ne kanya da ɗinya da goriba da magarya da aduwa, waɗanda yara ke tsinta a daji ba da ko anini ba. Ba mai kiransu kayan marmari, don abin da ke bayan gida ba a marmarinsa.

Marmari shi ne rai ya biya wa abin da aka daɗe ba a ci ba. Ba ɗaya yake da kwaɗayi ba. Kwaɗayi abin kunya ne, shi ya sa ake ce masa mabuɗin wahala, amma dattijo ma yakan ce yana marmarin kifin Wudil, ba wanda zai ga baikensa. Majinyaci kuwa har tambayarsa ake yi, "Baba, me kake marmari?"

To, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kayan kurmi suka fara hawowa Arewa kafin su ruɓe: lemo, ayaba, abarba, kwakwa. Wasunsu ma a kurmin baƙi ne. Abarba da gwanda da gwaiba daga ƙasashen Amurka Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka, mangwaro kuma asalinsa Indiya. Da yake suna da tsada, kuma sai lokaci-lokaci ake ganinsu, sai sunan ya bi su. Su ake kai wa mara lafiya, su ake nema a buɗa baki da azumi.

Abin marmari yakan sauka daga matsayinsa. Tsofaffi sun san lokacin da shinkafa a ƙauyukan Kano sai da Salla ko biki. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura, shinkafa ta zama cimar kullum. Yanzu ɗan birni ne ke marmarin ɗanwake da tuwon dawa.

Mangwaro ma ya zama ɗan gida. In ka shiga kasuwar Darki ran Alhamis da bazara, za ka tarar da shi tsibi-tsibi, amma har yau mai kayan marmari ake ce wa mai sayar da shi.