Giwayen Botswana: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Kiyaye Su?

A shekarar 2014 gwamnatin Ian Khama ta hana farautar manyan namun daji a filayen gwamnati da na al'umma a Botswana, ƙasar da ta fi kowace yawan giwaye a duniya, kimanin 130,000. Bayan shekara biyar magajinsa Mokgweetsi Masisi ya ɗage hanin. Ƙungiyoyin kare dabbobi na Turai da Amurka suka yi masa ca, amma manoman yankin Chobe da na gefen kogin Okavango, waɗanda garken giwa kan tattake musu gona a dare ɗaya, ba su ga laifinsa ba.

A ganina manoman sun fi kusa da gaskiya. Kafin hanin, hukuma kan ware wa ƙauyuka adadin dabbobin da za a harba a shekara, su kuma su sayar wa kamfanonin da ke kawo attajiran mafarauta daga waje. Daga nan ake samun aikin yi da nama da kuɗin hidimar gari. Da aka hana, an ce masu yawon buɗe ido za su cike gurbin, alhali mai ɗaukar hoto bakin ruwa yake nema inda dabbobi ke taruwa, ba ya zuwa busasshen daji mai nisa. Ƙauyukan can suka rasa kuɗin, ɓarnar giwa kuwa tana nan. Mutumin da dabba ba ta kawo masa komai sai asara ba zai tona asirin ɓarawon haure ba.

Kenya ta hana farauta tun 1977, duk da haka ɓarayi suka ci gaba da karkashe giwayenta har yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Mai lasisi daban, ɓarawo daban.

Wannan hujja ba ta wanke kowace sana'a ba. Kiwon zakuna a keji a Afirka ta Kudu don a harbe su ko a sayar da ƙashinsu a Asiya bai ƙara wa daji komai ba, shi ya sa gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyar rufe shi a 2021. Kuɗin farauta ma kan maƙale a hannun kamfani da shugabannin kwamiti, kuma nan ne ya kamata masu suka su matsa. Sai dai hankalinsu ya fi karkata ga hana shigo da haure da fatun da mafarauta ke komawa da su gida. Da Jamus ta fara maganar tsaurara wannan a 2024, Masisi ya ce zai aika mata giwa 20,000 ta zauna da su.