Daga sutudiyon Sakkwato zuwa dandamalin duniya: tarihin ƙungiyar Mdou Moctar

Duk wanda ya saurari faifan Funeral for Justice, wanda ya fito a watan Mayun 2024, da jitarsa mai tsawa da gangunansa masu gudu, zai yi wuya ya yarda cewa mai wannan kiɗa a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, da kwamfuta, da irin muryar nan mai karkarwa ta waƙoƙin finafinan Hausa. Amma haka abin yake.

Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne, ba a maraba da kiɗa. Tun yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan jitar Abzinawa, abin ya shiga ransa. Da yake babu kuɗin saye kuma babu mai saya masa, sai ya samu katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa. Bahago ne, da hagu ya koya, da hagu yake kaɗawa har yau. Kamar samarin yankin da dama, ya yi ci-rani a Libiya kafin ya dawo ya rungumi kiɗa sosai.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi faifan Anar. A lokacin salon Kannywood ne ke tashe tun daga Kano har Agadas: gangar kwamfuta, fiyano, da na'urar da ke lanƙwasa murya. Mdou ya ɗora baitocin Tamashek, harshen Abzinawa, da jitarsa a kan wannan salo. Saurayin Kiyako ko na Birnin Kudu da ya taso da waƙoƙin fim a kunnensa, in ya ji Anar, zai gane ɗanɗanon ko da bai ji kalma ɗaya ba. Faifan bai shiga kasuwa ta hannun wani kamfani ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da katin memori, a tasha da shagunan masu tura waƙa, har ya kai Mali. Mai waƙar bai ci riba ba, mutane da yawa ma ba su san sunansa ba.

Ta wannan hanya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da waƙar "Tahoultine", ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita. Daga baya ya kawo masa jitar lantarki ta bahagwai, wadda samunta a Agadas ba ƙaramin aiki ba ne. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Tchintabaraden. A 2015 suka yi fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, kwaikwayon Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, inda Mdou ke kewaya Agadas a kan babur yana fafutukar a san shi.

A nan ya kamata a tsaya, domin marubutan Turai sun fi son su ce shahararrun masu jita Jimi Hendrix ko Eddie Van Halen ne tushen nauyin kiɗansa. Gaskiya ne daga baya ya kalli Van Halen ya ɗauki dabarar danna wayoyin jita da yatsu. Amma a ganina makarantarsa ta ainihi ita ce bikin aure a Agadas. Can ana shimfiɗa tabarma a fili, a tayar da janareta, a ƙure lasifika har ta fara shaƙewa, ƙungiyoyi suna gasar wa zai fi tayar da ƙura. Mai jitar da ya yi sanyi, ba za a sake gayyatarsa ba. Wannan shaƙewar lasifika, wadda injiniyan sauti zai kira aibi, ita ce ta zama ado. Ƙarƙashinta kuma akwai takun takamba da na tende, gangar turmi ta matan Abzinawa, masu maimaita kansu har mai rawa ya manta da gajiya. Shi ya sa ko a waƙarsa mafi zafi, kiɗan yana kewayawa ne wuri guda yana ƙara hawa, ba ya bin tsarin baiti da amshi irin na Turawa.

Bayan Sousoume Tamachek na 2017, wanda shi kaɗai ya kaɗa komai cikin natsuwa, sunan Mdou Moctar ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na ƙungiya. Ahmoudou Madassane, tsohon abokin tafiyarsa, shi ke riƙe da jitar rakiya. Mikey Coltun, Ba'amurke, ya karɓi jitar bes mai kaurin murya, ya kuma zama mai haɗa musu sauti. A birnin Detroit suka naɗi Ilana: The Creator na 2019, faifansu na farko a matsayin cikakkiyar ƙungiya a sutudiyo. Da Souleymane Ibrahim ya zauna kan ganguna, ƙafa huɗu ta cika. Kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, ya fitar da Afrique Victime a watan Mayun 2021.

Yadda sautin ya yi nauyi, haka maganar ta yi nauyi. Anar waƙoƙin soyayya da bege ne. Afrique Victime kuwa kuka ne kan yadda ake wawashe nahiyar. A Funeral for Justice akwai waƙa sukutum mai suna "Oh France", kuma ba a buƙatar tafinta kafin a gane inda ta dosa: kamfanin Faransa ya yi shekara da shekaru yana haƙar yuraniyam a Arlit, alhali ƙauyuka da yawa na Nijar ba su da wutar lantarki. Wata waƙar, "Imouhar", kira ce ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu.

Ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki, 'yan ƙungiyar uku 'yan Nijar suna rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe. A wannan zaman jiran suka shiga sutudiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba. Shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a watan Fabrairun 2025. Wasu masoya tsawar sun fi son na farkon. Ni dai ina ganin na biyun ya nuna cewa waƙoƙin suna tsayawa da ƙafarsu ko an kashe janareta.

Ga mai son fara sauraro daga wannan ɓangare namu, shawarata ya fara da Anar, wanda Sahel Sounds ya fitar a hukumance a 2014, sannan ya tsallaka kai tsaye zuwa Afrique Victime.