Baƙin Kundi: Tarihin Toshe Wasiƙun Intanet da Hakkin Wanda Bai Ji Ba Bai Gani Ba



Idan ma'aikaci a Talata Mafara ya aika da wasiƙar intanet ta na'urar ofishinsu zuwa wata jami'a a Ingila, kafin wani mahaluki ya ɗora ido a kanta, sai na'urar da ke karɓar wasiƙu a can ta duba lambar adireshin da ta fito, sa'an nan ta tambayi wani kundi ko lambar tana ciki. In tana ciki, ko a mayar da wasiƙar, ko a jefa ta kwandon shara, shi kuwa bawan Allah yana nan yana jiran amsa. Wannan shi na kira baƙin kundi.

Asalin abin ba mugunta ba ne. Tun a watan Mayu na 1978 wani ma'aikacin kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya watsa talla guda ga mutum wajen 400 a ARPANET, watau kakar intanet. Da harka ta buɗe, sai wasiƙun banza suka yi ambaliya, har aka yi shekarun da suka fi na kirki yawa a duniya. A 1997 Paul Vixie ya fara kundin RBL a Amurka, a 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila. Ku lura, babu gwamnatin da ta naɗa su. Amma lalle ne a faɗi gaskiya: da ba don irinsu ba, da akwatin wasiƙun kowa ya zama juji.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kundi ba ya sanin mutum, lamba ya sani, alhali lamba guda kan ɗauki jama'a da yawa. Wasu kuma, irin su SPEWS da ya bayyana a 2001 ba tare da an san masu shi ba, da gangan suke faɗaɗa toshiya ta haɗa da maƙwabta, don su matsa wa kamfanin sadarwa ya kori mai laifin. Mu a Nijeriya abin ya zo mana da ƙari, domin zambar da ake kira 419 ta sa wasu masu na'urori suka toshe lambobin ƙasar ɗungurungum. Abin dariya, wannan sashe na 419 daga kundin laifuffuka na Kudu yake. Arewa da Final Kot take aiki tun 1960. Amma wake ɗaya ya ɓata gari.

Ita kanta lambar ma ba shaida ce tabbatacciya ba. A 2019 aka bankaɗo cewa an karkatar da lambobi fiye da miliyan 4 daga AFRINIC, hukumar da ke raba lambobin Afirka, kuma wasunsu sun faɗa hannun masu watsa wasiƙun banza a wasu nahiyoyi. Kotu fa? A 2006 wata kotu a Amurka ta ci Spamhaus tarar dala miliyan 11.7 a ƙarar da kamfanin e360 ya shigar, a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita dala 3. Wannan tsakanin masu lauyoyi ke nan.

Mutanen ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba sai an yi musu bayanin rajistar da aka rubuta daga nesa ba. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin 1974 da 1978, aka karɓe gonaki, aka baje su, aka ce za a biya diyya a sake rabo bisa abin da takarda ta nuna. Manoma da yawa suka ce takardar ba ta nuna gaskiya ba, kuma suka rasa ƙofar da za su buga a gyara. Suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ba ina daidaita jini da wasiƙa ba ne, Allah ya sawwaƙe. Abin da nake nunawa shi ne, a duka biyun mai riƙe da kundi ya ɗauki kuskure ƙaramin abu, don ba a kansa yake faɗuwa ba.

Sai kuma watan Satumba na 2021, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Hujjar ita ce dai ta SPEWS: a ƙuntata wa kowa don a kai ga mugu. Makonni da yawa mai son jin muryar ɗansa sai ya shiga mota zuwa wata jiha.

A ganina ma'aunin adalcin kundi ba yawan miyagun da ya kama ba ne kaɗai, har da sauƙin fitar marar laifi. A nan an ɗan ci gaba: manyan kundaye yanzu suna bayyana dalilin sa lamba, suna kuma da hanyar neman a cire ta. Sai dai a babban kundin Spamhaus, kamfanin da ya mallaki lambar ne ke da ikon nema, shi kuwa ma'aikacinmu na Mafara sau da yawa bai ma san an toshe shi ba.