Wa Ke Ba Manomi Bashi da Damina?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga, amma kakanninmu na ƙasar Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kawo kuɗi, ga harawa ta dabbobi.

Jarin cinikin kuwa daga birni ya fito. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata kan ba yaransu kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina sai ya ci bashi, ya biya da amfanin gona da kaka, lokacin da kaya suka fi araha. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ta riƙa yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta shiga hannun gwamnati. Dalar gyaɗa ta tashi a birni, ƙauye kuwa bai tara jarin kansa ba.

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da harkar. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA da tallafin Bankin Duniya, ta kawo taki da ingantaccen iri, amma bashin damina bai sake hali ba.

Yau motoci na ɗaukar hatsinmu zuwa kasuwar Dawanau. Manomin da zai iya riƙe buhunsa har bazara shi ke cin riba. Don haka duk rancen da za a ba mu, na banki ko na adashi, mu fara tambayar ranar biya. In da kaka ce, mun koma 'yar gidan jiya.