Adireshin shafin intanet: yadda ake tsabtace shi da abin da ya sa ya shafi mai zaɓe a Yawuri

Kowane shafi a intanet yana da adireshi, wanda masana ke kira URL. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, na cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idarsa a 1994. Tsaftataccen adireshi shi ne wanda mutum zai karanta ya gane abin da ke cikin shafin tun kafin ya buɗe, ya kuma iya faɗa wa wani da baki.

Sassan adireshi

Da farko akwai https, alamar cewa an lulluɓe saƙon da ke tsakanin waya da shafin. Sai sunan gida, kamar kebbistate.gov.ng. Sai hanya, wato kalmomin da ke bin alamar karkatacciyar sanda. Daga ƙarshe akan ga alamar tambaya, biye da lambobin da manhaja ke amfani da su wajen zaƙulo bayani daga rumbunta.

A kwatanta waɗannan misalai biyu: /index.php?id=4821&s=21 da /zabe/2023/kebbi/yauri. Duka biyun na iya kaiwa ga shafi guda. Na farko kwamfuta kaɗai ke fahimtarsa. Na biyu kuwa, wanda ya ga na Yawuri zai iya sauya kalmar ƙarshe ya nemi na Ngaski ko Shanga.

Yadda ake yi

Masu gina manhaja kan sa wa uwar garke dokar da ke fassara gajeren adireshi zuwa dogon da manhajar ta sani, ba tare da mai karatu ya gani ba. Akan yi amfani da ƙananan haruffa, a raba kalmomi da gajeren layi. Ga Hausa akwai ƙarin matsala: haruffa masu lanƙwasa kan rikiɗe idan aka kwafi adireshi, inda ƙ ke zama %C6%99, ɗ kuma %C9%97. Shi ya sa akan rubuta k da d zalla a adireshi, a bar lanƙwasar a kanun labari.

Idan aka sauya adireshi, wajibi ne a sa umarnin 301, wanda ke kai mai nema daga tsohon zuwa sabon. In ba haka ba, saƙon 404 zai tarar: babu shafin.

Abin da ke cikin haɗari

Yawuri, Shanga da Ngaski mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. Tun 2020 Hukumar INEC ke ɗora hoton takardar sakamakon rumfunan zaɓe a shafinta na IReV, kuma kowace rumfa na da lamba mai kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Lambar Kebbi ita ce 21. Adireshin da ya bi irin wannan tsari zai ba wakilin jam'iyya a Wara ko wani ƙauye na bakin tafkin Kainji damar zuwa kai tsaye ga takardar rumfarsa, ba tare da ƙona data yana buɗe shafi bayan shafi ba.

Na biyu shi ne ɓacewar hujja. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Kasafin kuɗi ko sanarwar kwangilar da adireshinta ya mutu ta fita daga hannun mai bincike, sai in an adana ta a rumbun Wayback Machine.

Na uku shi ne damfara. Hukumar NITDA ce ke kula da rajistar sunayen da ke ƙarewa da .gov.ng, kuma hukumomin gwamnati kaɗai ake ba wa. Don haka a duba ƙarshen sunan gida, dab da karkatacciyar sanda ta farko. Idan gov.ng ya zo a tsakiya, wani suna ya biyo bayansa, shafin ba na gwamnati ba ne, ko da tambarinta na samansa. Tsabtar adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, domin ɗan damfara ma na iya tsara nasa. Sunan gidan ne abin dubawa kafin a shigar da lambar NIN ko BVN.